Bindigar Gado da Ta Ƙi Shiga Akwati

Cikin shekarun da na yi a shagon gyaran bindigogi a Birmingham, akwai wata Asabar da har yau ban manta da ita ba. Ku da kuka shigo aikin ƙarfe kwanan nan kuna tsokanata wai tambaya ta yi mini yawa, ko ƙusa aka miƙo mini sai na ce daga ina. To ku gyara zama.

Shagon na wani Bature ne, Mista Colin, shi ke riƙe da lasisin dillancin makamai. Ni ne babban ma'aikaci a ciki, walda da gyaran ƙarfe duk a hannuna suke. Ƙa'idarmu ita ce duk bindigar da ta ƙetare ƙofa, mai ita zai nuna takardar izininsa, a duba lambar jikinta, a rubuta, sannan a taɓa ta. Yawancin masu zuwa manoma ne da masu wasan harbi.

Abokina Injiniya Lawal, wanda ke zaune a Withington ta Manchester, yana cikin masu wasan harbin. Yana da izini, yana da bindiga mai ƙaramin harsashi, irin wadda ke ɗura wa kanta wani bayan kowane harbi. Ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya. Na je jana'iza, na zauna zaman makoki, na dawo bakin aikina.

Ranar Asabar ɗin da hantsi sai ga babbar 'yarsa Fa'iza, wadda ke shekarar ƙarshe a karatun likita. Ta rusuna ta gaishe ni a gaban Colin.

"Baffa, Mami ce ta aiko ni da saƙo. Yana cikin but ɗin mota."

"Saƙon me?"

"Bindigar Abba ce, ta club ɗinsa na harbi. Wai ka ɗan rage mata baki, it's too long for the box."

Na bi ta waje. Ta ɗaga but, ga abu a naɗe cikin bargo, an ɗaure da ɗankwali, kusa da ledar doya da aka aiko wa iyalina. Na ce, "Fa'iza, da wannan kika taho tun daga Manchester?" Ta ce, "Eh mana, ai Abba yana da licence." Na ce mata izinin nan na mutum ɗaya ne, kuma ya bi shi kabari. Na ga murmushinta ya ɗauke.

Ga yadda abin ya faru. Lawal 'ya'ya mata kaɗai ya bari, don haka ƙaninsa da ke Kano yana da rabo a gado. Aka yi rabon ta waya, ƙanin ya ce a saka masa bindigar cikin kasonsa, zai ajiye a gona. Hajiya, matar marigayin, tana takaba, ba ta fita, kuma ta ƙagu ta sauke haƙƙin magada daga wuyanta. Ta sa aka sayo akwatin kargo don a aika masa da ita Kano, bindiga ta fi akwatin tsawo da kaɗan. Sai suka lura da wani ɗan ƙarfe mai tsage-tsage a bakinta, suka ɗauka ado ne.

Ba ado ba ne. Turawa na ce masa flash hider, aikinsa rage walƙiyar wuta idan an harba. A wannan bindigar kuwa an yi masa walda ne da gangan, domin bututunta gajere ne, ƙarfen ne ya cika mata tsawon da doka ta yarda da shi. Ranar da ya rabu da ita ta zama haramtaccen makami, kuma wanda aka kama da irinsa, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara biyar ne a gidan yari. Ko da ba a kai nan ba, shari'ar makami kaɗai ta isa ta hana mutum zama likita a ƙasar nan.

Colin ya shigo da ita ciki da kansa, ya tabbatar babu harsashi, ya kwantar a kan teburina. Da na haska fitila sai na ga ɓarna. An riga an sa mata zarto. Yayan Hajiya da ya zo ta'aziyya daga gida shi ya zauna a teburin kicin ya yi ta gurza, har ya gaji ya ce a kai wa masu abin. Ya ci fiye da rabin waldar. Na taɓa ƙarfen da ɗan yatsa, ya motsa kamar haƙorin da ya kusa fita. Da ramin titi ɗaya ya girgiza motar nan sosai, da yarinyar ta iso Birmingham da abin da zai ɗaure ta.

Colin ya dube ni ya ce da Turanci, "Isa, ka san abin da ya rage." Na sani. Dole a kira sashen 'yan sanda masu kula da izinin makamai.

Fa'iza ta riƙe hannun rigata. "Baffa, please. Ka mayar da waldar kawai in koma. Nobody has to know. Finals ɗina saura kaɗan."

Wallahi aikin ba zai ɗauke ni shan shayi ba, kuma zuciyata ta raya mini in yi. Amma in na yi, ita ce dai za ta sake hawa titi da bindigar, daga nan a danna ta cikin kargo da sunan uwarta a jikin akwati. Na ce, "'Yata, bindigar nan ba za ta sake shiga motarki ba." Ta kira uwarta tana kuka, ta miƙo mini wayar.

"Malam Isa, marainiya na aiko maka," in ji Hajiya. "Lawal ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, za ka kira wa 'yarsa 'yan sanda?"

"Hajiya, gara mu kira su da su tare ta a hanya."

"Allah ya isa," ta ce, ta kashe wayar.

Colin ya buga waya, jami'ai biyu suka zo. Suka ɗauki hoton bindigar, suka karɓi bayanina da nasa, suka tafi da Fa'iza ofishinsu. Na bi su, na zauna a benci har lauya ya zo aka gama yi mata tambayoyi. Ranar a gidana ta kwana, ba ta ci komai ba. Makonni aka yi ana jira, ita tana karatun jarrabawa, ni barci na gagarata. A ƙarshe aka ce ba za a tuhume ta ba, saboda kai tsaye ta kawo wa dillali mai lasisi, mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba, kuma ƙarfen bai rabu da bututun ba. Bindigar kuwa aka lalata ta.

Abin da na koya shi ne, a cikin mutanen nan babu mugu ko ɗaya. Uwa na son sauke amana, 'ya ba ta musu da uwa mai takaba, kawu ya ga aiki ya sa hannu. Halayen da muke yabo a gida su suka kusa kai yarinyar kurkuku. Shi ya sa a sana'ar nan ba na jin kunyar tambaya, kuma na fi tsananta ta idan mai saƙon nawa ne, don shi ne zan fi jin nauyin ce wa a'a.

Fa'iza yanzu likita ce a Salford. Uwarta har yau ba ta amsa sallamata, ni kuma duk Sallah sai na kira.