Haruffan da Yaya Lawal Bai Ƙarasa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal na Unguwar Dosa, kuma har yau ban saba da rashinsa ba.

A sashen ɗab'i na gwamnati ya yi aiki har ya yi ritaya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ake buga Hausa: a rubuta ƙasa ta fito kasa, ɗaki ya koma daki, sai a bi da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa. Da ya ajiye aiki sai ya ce zai zana nasa haruffan na kwamfuta.

Shi ya bayyana mini cewa kowane harafi cikin wani murabba'i ake zana shi, wanda ido ba ya gani, kuma tun farko mai zane zai zaɓi gida nawa zai raba murabba'in. Ya zaɓi dubu ɗaya, ya yi shekara biyu yana aiki. Wata Asabar na je gaishe shi, na tarar ya tasa wani shafi a gaba, abincinsa ya huce.

"Binta, dubi lanƙwasar ɗ ɗin nan," in ji shi. "Ba ta yi sumul ba. Gidajen sun yi mini kaɗan."

"Yaya, wa zai lura?"

"Ai ni na lura."

Ya koma gida dubu biyu da arba'in da takwas. Kwamfuta za ta iya sauya ma'aunin nan take, amma bai yarda da ita ba, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa bin haruffan yana gyarawa. A lokacin ciwon sukari ya fara taɓa masa ido. Na ce masa yana ƙarar da sauran ganinsa a kan abin da ba wanda ya roƙe shi. Maganar tana ci mini rai har yanzu.

Yau kusan kowace waya tana iya rubuta ƙ da ɗ. Amma dubi allunan shaguna daga Hayin Banki zuwa Kurmin Mashi, dubi saƙonnin da muke tura wa juna. Hausa nake koyarwa a sakandare, na gaji da jan biro a littattafan ɗalibai. Da yana nan, ina jin zai ce a da kayan aiki ne babu, yanzu kuwa kulawar ce babu.

Ƙananan haruffa kawai ya gama, yana tsakiyar manya Allah Ya karɓi abinSa. Na kai aikin wurin masu zane biyu, kowa ya ce ba shi da lokaci, na haƙura.

Bara aka aurar da autarsa, Maryam. Ta dage da haruffan babanta za a buga katin gayyata, sai aka buga shi kaf da ƙananan haruffa, har sunan ango. Mutane suka ɗauka sabon salo ne. Ni da mahaifiyarta muka karanta, muka yi masa addu'a.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.