Goron Kaka da Gadar Jebba

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen goro cikin ganyensa, sai gadar Jebba ta faɗo mini a rai, alhali a Soron Ɗinki na tashi, inda babban ruwanmu shi ne kududdufin bayan gida.

Kakanmu, Baba Tsoho, falken goro ne. In ya zauna a zaure bayan la'asar, ba shi da hira sai ta gadar nan. Yakan ce a zamanin mahaifinsa babu ita, sai dai a ɗora taragai a jirgin ruwa a haye kogin Kwara da su. Wannan kam gaskiya ne. Amma kullum gadar ƙara tsawo take a bakinsa, har ya ce duk wanda bai jefa wa kogin goro ba, to ya yi sallama da gida. Matarsa, Kaka, tana daga ciki tana ji.

Sai ga saƙo daga Ibadan: autar Kaka ta haihu kafin a kawo ta gida, ba mai yi mata wankan jego. Tsoro ya kama Kaka sosai, amma ta ce ba za ta bar 'yarta a hannun baƙi ba. Ta bi maƙwabta tana neman gafara, ta kwashi goron tsohon mafi kyau, ɗanta Kawu ya raka ta a jirgin ƙasa.

Ko dambun guzuri ba a buɗe ba jirgi ya hau gadar Challawa, nan bakin Kano. Kaka ta runtse ido, ta yi kalmar shahada, ta watsa goron nan kaf ta taga. Ta ɗauka Jebba ce, Kawu kuwa bai gyara mata ba. Ainihin gadar kuwa, zuwa da dawowa, tana sharar barci aka haye ta.

Da ta dawo, a zaure ta tsaya.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Kogin naka har yashi na gani, yara na wasa a ciki."

Baba Tsoho ya buɗe baki, Kawu ya taka masa ƙafa. Daga ranar bai sake hirar gada ba, ita kuwa duk haihuwa sai ta je Ibadan hankali kwance.

Na girma kafin na haye gadar da kaina. Da na leƙa ruwan na ga girmansa, tausayin tsohon ya kama ni. Ashe yana da gaskiyarsa, ya haɗiye ta har ya koma ga Allah, don kada matarsa ta daina zuwa wurin 'yarta. Na laluba aljihu, ko ɓarin goro babu.