Ranar da Osvaldo Ya Fasa Cuku da Kansa

A kasuwar unguwarmu a Modena, Osvaldo Bergonzini shi ne mai shagon cuku na kusa da masu kifi. Shekara talatin yana tsaye bayan kanta da farar riga mai karin guga, yana koya wa mutane cin abin da kakanninsu suka ci tun ba a haife shi ba. Shagon ma na surukinsa ne, aure ya shigo da shi.

Bakinsa kuwa ba linzami. Ka nemi cuku mai shekara uku, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce harshenka bai kai nan ba. Ya ɗauki 'yar guduma ya ƙwanƙwasa dunƙulen cuku, ya lumshe ido wai yana sauraron cikinsa, alhali kunnen da yake karawa ya daɗe da toshewa.

Abin da bai taɓa faɗa ba, matarsa Nives ce ke fasa cukun. Dunƙule mai kilo arba'in ba a yanka shi. Ana tsaga ɓawon a zagaye, a soka gajerun wuƙaƙe, a lallaɓa shi har ya buɗe da kansa, cikinsa tsaki-tsaki. A ɗakin baya take yi, shi kuma ya fito da rabi a kafaɗa yana haki.

Wata shekara 'yan kasuwa suka shirya fasa dunƙule a tsakar fili ranar bikin waliyyin gari. Kafin a rufe baki Osvaldo ya ce in ba shi ba, wa? Nives ta ce masa ya bari ta yi, ko ta nuna masa a ɓoye. Ya ce shi ba ɗan koyo ba ne.

Ranar, jama'a maƙil. Bai tsaga ɓawon ba, ya dinga caka wuƙa ta sama kamar mai kashe maciji. Ta farko ta maƙale, ta biyu ta karye. Gumi ya jiƙa rigar duk da sanyin Janairu. Da ya rasa ta yi, sai ya ari zarton mahauci, na yankan ƙashi, da ƙarninsa.

Sinyora Ilde, tsohuwa mai sayar da ƙwai, ta dafa sandarta.

"Osvaldo, wannan cukun me ya yi maka? Ko sa ba a yi masa haka."

"Sabuwar dabara ce, Sinyora."

"Ai na gani. Nives, 'yar nan, karɓi kayan ubanki tun da sauran abin ceto."

Nives ta naɗe hannun riga, ta juya dunƙulen, ta soka wuƙaƙen da suka rage. Ya buɗe da ɗan nishi, ƙamshi ya cika fili.

Yanzu duk mai shiga shagon ita yake tambaya. In ba ta nan, sai mutum ya ce zai dawo. Osvaldo na nan da farar rigarsa, yana naɗe wa mutane kaya a takarda.