Wutsiyar Hawainiyar Mode

Duk wanda ya sha fura a Mandera zamanin Turawa, da wuya bai sha ta a ƙwaryar Na'Allah ba. Mai zanen ƙwarya ne, dogo, marar son magana, kuma taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Ranar kasuwar Shagari yakan zauna a inuwar tsamiya yana sassaƙa, idonsa rabi a rufe, har mai ciniki ya gaji da sallama. Zanen da aka san gidansu da shi sunansa wutsiyar hawainiya, layi ɗaya ne da ke naɗewa ciki-ciki har ya ɓace. Na'Allah ta hannun dama yake naɗa tasa. Ɗansa Mode kuwa bahago ne, tasa kullum hagu take bi, faɗa da zagi ba su gyara ta ba.

Da aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin Bama, Mode na cikin waɗanda suka tafi. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, shi shiru. Ba wanda ya ga gawarsa, ba wanda ya ce ya gan shi da rai. Dangi suka yi ta lallashin tsohon a yi wa Mode gumbar sadakar mamaci, Zulai matar Moden ma ta san matsayinta, amma ya kafe. Wai ba a yi wa mai rai gumba.

Nuhu ɗan Mode yana elementare a Boɗinga, a hannun kawunsa. Wata rana wani Baturen makaranta ya bar wa malaminsu, Malam Ladan, hotunan sassaƙar wasu mutane da ake kira Mawori, can wani tsibiri bayan teku. Malam ya kafa hoto ɗaya a bango, ya ce zanen tofon ganye ne da bai buɗe ba, su a wurinsu alamar sabuwar rayuwa ce. Yara suka wuni suna kwaikwayo a allo. Wasu suka ce gammo ne, wasu suka ce ƙahon rago.

Da Nuhu ya dawo Mandera hutu, ya zana naɗin da tsinke a ƙofar gida. Na'Allah ya zo wucewa ya tsaya cak. Naɗin hagu yake bi.

"Wa ya gwada ma wanga?"

"Malam na, Kaka. Na mutanen bayan teku na."

Daga ranar tsoho ya shiga wata duniya. Yana sassaƙa yana murmushi, yana ganin Mode zaune bakin wani ruwa marar iyaka, yara baƙi kewaye da shi, wuƙa a hannunsa na hagu. Har gona ya yi masa a zuci, har da rumbu. Ni dai da nake maƙwabcinsa, tausayi ya ba ni, don ban taɓa ganin sa da fara'a haka ba.

Hutu na ƙarewa ya hau jaki ya raka Nuhu Boɗinga. Ya daɗe a gaban hoton, yana bin layin da yatsa.

"Malam, hannun ɗana na. Shi ya koya musu. Ina garin shike?"

Malam Ladan ya san labarin Mode. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, ba ni yi maka ƙarya. Tun kakannin kakanninsu suke wanga zane. Kuma ko kusa da ƙasarsu ba a kai sojanmu ba."

Na'Allah bai musa ba. Ya dubi yaran, kowa da ɗan naɗinsa a allo, wasu dama, wasu hagu.

"Ashe akwai inda hagun ad daidai," ya ce a hankali. "Ni ko na yi ta yi mai hwaɗa."

Bai ko tsaya shan ruwa ba. Da la'asar ya isa Mandera, ya ɗaure jaki, ya tsaya a bakin ɗakin Zulai ya yi gyaran murya. Ta fito ta durƙusa.

"Ɗiyata," ya ce, "jiƙa gero. Gobe mu yi mai gumba."