Malam Abdulganiyu, Mai Cike Gurbi da Tafi

Kullum da hantsi Malam Abdulganiyu zai buɗe shagonsa na gyaran rediyo a bakin kasuwar Faskari, ya goge farantin sola, ya sa wani ɗan akwati caji tun kafin ya sa wayarsa. Makaɗa na kiran akwatin nan aku. Ka taka shi da ƙafa ka buga kalangu, ka sake takawa, sai ya yi ta maimaita kiɗan. Ka ɗora gurmi, ka ɗora amshi, mutum ɗaya ya zama ƙungiya. Da hanya ta ƙi daɗi saboda rashin tsaro, aka daina kwasar makaɗa shida zuwa biki, aku ne ya riƙe musu sana'a. Malam ne ya kawo shi, bai kuwa ɓoye wa kowa yadda ake taka shi ba.

Duk Alhamis bayan La'asar makaɗan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kan taru a bayan shagon. Dokar Malam ɗaya ce: mutum guda ya kafa gindi, wato zagayen farko, kowa ya ɗora nasa, kuma ba a goge na ɗan'uwa.

Ɗalibinsa na farko shi ne Gide mai kalangu, mutumin Ƙanƙara, gwani na gaske, mai ƙyashi na gaske. Shekara uku shi kaɗai ake yabo, sai ga Kamilu mai gurmi daga Sabuwa, manomi mai 'ya'ya biyar, wanda cikin wata biyu ƙafarsa ta daina kuskure. Ranar da Malam ya ce, "Kamilu na da ƙahwa," Gide bai ci tuwo ba. Ya san wata rana Malam zai miƙa aku ga mutum ɗaya, kuma tun tuni ya gama ɗauka nasa ne.

Abin ya fashe a wani biki a Mabai. Malam ya sa Gide ya kafa gindi, Kamilu ya ɗora. Gide ya jinkirta ƙafarsa da gangan, ɗan kaɗan, yadda kowane zagaye zai dawo da gurbi a ƙarshensa. Aku ba ya gyara, abin da ka ba shi shi zai maimaita. Kamilu ya shiga ya yi tuntuɓe, ya sake shiga ya sake yi, mata suka fara rufe baki da mayafi. Gide ya ji daɗi, shi da kansa ya faɗa.

Malam bai iya kiɗan komai ba. Ya taso, ya taka aku, ya jira gurbin, ya jefa tafi ɗaya a ciki. Kiɗan ya koma yana tafiya kamar mai ɗingishi, tafin na tare shi duk zagaye. Kamilu ya kama, mata suka shiga fili.

A mota Gide ya yi ta jiran faɗa.

"Gide, wanga gindi da ka kahwa, mi za mu ce mishi?"

"Kuskure ne, Baba."

"Ƙahwarka ba ta kuskure, ni na koya mata. Mu ce mishi Ɗingishin Gide."

Yau ba bikin da ake tashi ba a nemi Ɗingishin Gide ba. Sunansa ne ya yi yawo, amma duk sanda ya ji tafin nan sai zuciyarsa ta sosu. Ya iya yin gasa da ƙafar Kamilu. Haƙurin Malam ne ya rasa ta inda zai kamo shi, sai ƙyashin ya koma can.

Malam, kai ne ka ji sharri da kunnenka ka mai da shi rawa. Kai ne ka rufa wa mutum biyu asiri da tafi ɗaya, wanda aka so kunyatawa da wanda ya so kunyatarwa. Mai kayan gyara, ba rediyo kaɗai ka gyara ba.

Yanzu kunnen Malam ya yi nauyi bayan shekara talatin da ɗaya a bakin aiki. Alhamis ɗin da ta wuce Malam ya yi sallama da aikin. Gide ya zo da sabuwar riga ya zauna gaba. Malam ya ɗauki aku ya miƙa wa Kamilu. Gide ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja.

"Kai kuma, Gide," in ji Malam, "tafin naka ne. Babu wanda ya san inda gurbi yake kamarka."

Aka ce Muhammad Awwal, wani dattijon mai garaya da ya fara koyo bana, ya kafa gindi. Ƙafarsa ta makara, gurbi ya buɗe, ya dubi jama'a cikin kunya. Gide ya ɗan jima zaune. Sannan ya tashi, ya taka akun da ba nasa ba, ya jira.

Mun gode, Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Masu sana'a, in kun ji gurbi a aikin ɗan'uwa, ku yi yadda mutumin nan ya yi. Gide ya ce har gobe akwatin nan na ci masa rai, kuma bai yi alkawarin dainawa ba. Amma waɗanda ke wurin sun shaida, tafinsa daidai ya faɗa.