Na Sayi Gida, Kukar Cikinsa Ba Tawa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da wani ɗan uwana mai fataucin goro, a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, da zai je Matameye ɗaukar gyaɗa. Ni tela ne, jama'a. Tun da na yi aure, ɗaki ɗaya nake raɓe a gidan kawuna a unguwar Birni. To ga ɗansa zai yi aure ana son ɗakin, ga matata da tsohon ciki, na fari. Gida a Damagaram kuwa sai attajirai, in ka ji kuɗinsa sai ka nemi wurin zama. Ɗan uwan nan nawa ne ya ba ni labarin wani gida a ƙauye tsakanin Matameye da Ɗan Barto, mai shi ya je cin rani Kano ya ga wurin zama, yana neman mai saye.

Hanya kam sai haƙuri. Muna wuce Takeita motar ta kafe a rairayi, kowa ya sauko turi. Akwai wani Alhaji da babbar riga, yatsa biyu kawai ya ɗora a jikin motar, amma duk ya fi mu nishi da ba da umarni. A Kance muka sha fura da nono mai kauri, wadda ba a cuce ta da ruwa ba.

Matameye ta burge ni. Buhunan gyaɗa jibge a bakin kasuwa, fadama kuwa kore shar da rake. Abin da kake ba da shi a kan kara ɗaya a Damagaram, a nan sai an rungumo maka. Na sha rake har muƙamuƙina ya yi tsami. Da la'asar muka hau jakunan haya muka isa ƙauyen, muka kwana gidan mai gari.

Da safe mai gidan da na zo saye, wanda ya dawo daga Kano don cinikin, ya zaga da ni. Wallahi ina shiga murna ta kama ni. Zaure, ɗakunan soro biyu, rumbu, rijiya ba nisa, ga wata kuka a tsakar gida an sassabe mata kai tana ta tohon ganye. Na shafa bango kamar mai duba doki. Kuɗin da aka faɗa bai kai na ɗaki ɗaya a Birni ba.

Aka zauna a zauren gidan, gaban mai gari da shaidu, aka fito da goro. Saura a shafa fatiha, sai wani dattijo ya tambaye ni ina zan ajiye keken ɗinkina. Ni kuwa bakina bai da linzami in ina farin ciki. Na ce ai kukar nan zan sare, in gina shago a wurin.

Ɗan uwana ya taka mini ƙafa. Sai ga murya daga cikin gida: “Kukar wa za a sare?”

Wata tsohuwa ce ta shigo tana dogara sanda, gwaggon mai gidan. Nan mai gari ya warware mini abin da ɗan birni bai sani ba. A garinsu gida daban, itace daban. Da aka raba gadon mahaifinta, maza suka ɗauki gida da gona, ita aka ba ta kukar. Tata ce, ganye da 'ya'ya, kuma ƙofa a buɗe take gare ta duk ranar da ta so ɗiba, ko wa ke cikin gidan. In ba ta yarda da mai saye ba, babu ciniki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ta yarda ba.

Na tuna matata, na rasa ina zan ce mata za ta haihu. Na cire hula na durƙusa gaban tsohuwar, na ce, “Inna, ki yafe mini, rashin sani ne. Ko reshe ba zan taɓa ba. A inuwarta zan yi ɗinki in kin ba ni aro.”

Ta ce, “Kai da wa za ka zauna?”

Na gaya mata. Ta ce ai cikin fari gidan iyaye ake tafiya haihuwa, me ya kawo mu ƙauye? Na ce uwar matata ta rasu tun tana goye, ba ta da inda za ta je. Sai tsohuwa ta daka mini tsawa: “To me kake jira? Je ka kawo min yarinya tun ruwa bai sauka ba. Kai ne za ka yi mata wankan jego, da almakashi?” Zaure ya kwashe da dariya, mai gari ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Washegari muka biyo wata motar, a kan buhunan gyaɗa, muka shiga Damagaram da magariba. Duk hanya ina tunanin abin da na koya: in ka je saye a garin mutane, ka tambayi wa ke da me kafin ka buɗe baki, kuma ka fara gaida tsofaffin mata.

Na zayyana wa matata zaure da ɗakuna da rumbu, tana ta murmushi. Da na zo kan maganar tsohuwar, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, “Da bakinta ta ce a kawo mata ni?” Na ce da bakinta, gaban mai gari. Ta share ido da gefen mayafi, ta tashi ta fara haɗa kwanukanta.