Kwana Tara a Teku

Tirval Isbister masunci ne a tsibirin Unst, can tsakiyar teku yamma da ƙasar Norway. Shi da ƙanensa Gibbi da maƙwabta huɗu suke fita a jirgi mai filafili shida. A duk ƙauyen, mahaifiyarsu Osla ce kaɗai bakinta bai saki tsohon harshe ba. Yini a wurinta dag ne, ketowar alfijir daggri, faɗuwar rana dagali.

"Ku tashi, malalata, daggri ya yi!"

"Inna, wa ke jin yaren nan ban da ke da tumaki?" in ji Tirval.

"Ai tumakin sun fi ka hankali. Ungo gurasarka."

Shekarar da Tirval ya cika arba'in, guguwa ta rutsa da su a tsakiyar teku, ta kakkarya filafilan, ta yi gabas da jirgin. A kwana na huɗu ruwan sha ya ƙare. A na bakwai Gibbi ya cika, kansa a cinyar wansa. Mutum biyu kawai masuntan Norway suka tsinta da rai.

Tirval ya farfaɗo a gidan wata tsohuwa a gaɓar Norway, tana ɗura masa romon kifi, tana ta magana ba ya gane komai. Can ta nuna teku, ta shiga lanƙwasa yatsu, ta ce, "Dag?"

Kalmar mahaifiyarsa ce, yini nawa suka yi a teku take tambaya. Da ƙyar ya ɗaga yatsu tara.

Da asuba ta buɗe taga, ta nuna gabas, ta ambaci alfijir kusan yadda Osla ke faɗa. Nan ya yi kukan da ya kasa yi wa Gibbi. Ashe daga wannan gaɓar kakanninsa suka ɗauko kalmar, suka ƙetare teku da ita.

Sai da sanyi ya wuce wani jirgin katako ya mai da shi gida. An riga an yi zaman makokinsa. Osla ta tarye shi a bakin ruwa, tana leƙen bayansa, ba ta ga Gibbi ba.

"Ya sha wuya?"

"Barci ya ɗauke shi, Inna."

Ta kama hannunsa suka nufi gida. Kafin girbi ita ma ta rasu.

Tirval bai sake zuwa teku mai nisa ba. Ya haɗa gonarsa da ta Gibbi yana nomawa, ya riƙe marayun Gibbi uku, har ya aurar da ta ƙarshen yana dogara sanda.